Abu Salama a Bayan Gidan da Nake Shara

Ejan da ya yi min biza a Kano cewa ya yi Makka za a kai ni, gidan wata tsohuwa da ke jin kiran sallar Harami daga kan gadonta. Da muka sauka Jidda wani mutum ya karɓe fasfona tun a bakin filin jirgi, ya cusa mu a mota kamar buhunan gero, kuma daga ranar ban sake jin wanda ya ambaci tsohuwar ba. Sunana Ladidi, mutuniyar Ɓaɓura ce ni. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe biro. Saboda haka da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya tace min magana.

Zangona na farko unguwar Ammariyya a cikin Jidda, a wani tsohon bene mai warin danshi. Mu mata ne cunkus a ɗaki ɗaya, kowa na jiran a zo a ɗauke ta aikin shagala, wato aikatau. A ƙasan benen akwai shagon Hajiya Tabawa, Bakatsiniya da ta daɗe a Jidda har Larabci ya zauna mata a baki. Turaren wuta take sayarwa, da atamfa, da kayan mata. Ita ta fara ba ni tuwo da miyar kuka a ƙasar nan, ita ta saka min layi a waya na ji muryar 'ya'yana. Ba zan ce muguwa ce ba. Mace ce dai da ko gaisuwa kika yi mata sai ta auna ta ga ko za ta sayu.

Zango na biyu Madain Fahd, gidan wani mai 'ya'ya da yawa. Ban daɗe ba. Uwar gidan da ɗan yatsa take kiran mutum, na haɗiye. Ran da ta kankare ragowar abincin yara a murfin tukunya ta ajiye min a ƙasa, na ɗauka na je na ajiye mata a tsakiyar gadonta. Washegari kafilina, wanda iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ya zo ya yi ta faɗa da Larabci, na yi ta ba shi amsa da Hausa. Ba wanda ya ji wani, amma mun fahimci juna. Ya saka ni a mota muka yi arewa, muka wuce Abhur, gidaje suka ƙare, muka ci gaba.

Inda ya sauke ni istiraha suke ce masa, gidan hutu ne a bakin teku. Alhamis da Juma'a baƙi su cika shi, su ci, su yi wanka, su bar min ƙazantar da sai na yi kwanaki ina kwasa. Sauran ranakun daga ni sai mai gadi, wani bawan Allah ɗan Bangaladash da ba ma jin yaren juna. Ba shago, ba maƙwabta, ba motar haya. Har na fara yi wa tsintsiya hira. In na tuna ƙofar gidanmu da yamma, mata na tankaɗe ana gulma, sai in zauna a kan bokiti in yi kukana in tashi. Hanyar fita ɗaya ce, wani ya karɓi kafalata daga hannun mutumin nan, abin da suke kira naƙali. Wannan kuwa sai mai mutane, ni kuma Hajiya Tabawa kaɗai na sani.

A bayan gidan akwai ƙofar ƙarfe mai sanduna, da matakala da ke gangarawa har cikin ruwa. An ba ni makullinta don in riƙa wanke matakalar. Teku ya shigo wajen ya yi lungu tsakanin duwatsu, ciki da faɗi, baki a tsuke kamar wuyan tulu.

Wata safiya bayan na idar da asuba na fito da bokitina, gari ya fara haske, sai na ji fuu, kamar saniya ta huro hanci. Na waiga ba saniya. Na sake ji, daga ruwa. Ina dubawa sai ga wani baƙin gadon baya ya taso, sumul, da wani abu a kansa kamar lauje, ya lanƙwasa ya nutse. Kafin in ce a'uzubillahi wani ya taso kusa da shi, wani kuma a bayansa, har na rasa wanda zan kalla. Ɗaya ya yi tsalle ya fito gaba ɗayansa, ya fi namiji tsawo, cikinsa fari, ya faɗo ruwa ya watsu. Ni da babban ruwan da na sani shi ne kududdufin bayan garinmu. Bokitin ya suɓuce min ya gangara, ban ko bi ta kansa ba. Ina tsaye ina ta dariya ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir.

Nan take na ce ayu ne. Duk macen Bahaushiya ta san ayu ko ba ta taɓa ganinsa ba: dabbar ruwa ce mai numfashi, wadda ake sayar da manta a 'yar kwalba kamar ta kwalli, matan aure na rububi. Gwaggona har ɗan akuya ta taɓa sayarwa saboda shi. To ga shi nan garke guda a bayan gidan da nake shara. Na zaro waya na kira Hajiya Tabawa.

"Hajiya, kina zaune?"

"Ina kan ciniki, Ladidi. Kafilin ne kuma?"

"Ajiye cinikin. Ayu na gani."

"Wane irin ayu a Jidda?"

"Ba ɗaya ba, garke. Kamar shanu a mashaya."

Na ji ta ce wa mai saye ta dawo an jima.

"Kin taɓa ganin ayu, ke?"

"Ban taɓa ba. Ke kin taɓa?"

"Mansa na sani."

"To gaya min, mene ne yake zaune a ruwa, ba kifi ba, yana huci kamar saniya?"

Sai muryarta ta yi laushi. "Ƙanwata, in maganar nan gaskiya ce kin bar gidan nan, halas, an gama. Ina da wanda zai karɓi kafalarki, ki dawo Ammariyya ki zauna min a shago. Amma ki sa musu ido. Ki san lokacin shigowarsu, da inda suke bi, da lokacin fitarsu. Kada ki gaya wa kowa."

Wa zan gaya wa, tsintsiya?

Haka na zama mai gadin ruwa. Kullum kafin rana ta fito ina kan matakala. Ba kullum suke zuwa ba, sai ruwa ya ciko ya rufe wani baƙin dutse da ke bakin lungun. In sun zo kuwa ba na sanin lokacin da rana take dukan ƙeyata. Na fara gane su ɗaya-ɗaya. Akwai wata babba mai tsaga a laujen bayanta, kullum ita ce gaba, na sa mata Uwar Gayya. Akwai wasu marasa kunya da ba su da aiki sai tsalle da ture juna, su ne Samari.

Wata rana ina tsaye ina ba su umarni da ƙarfi, "Ke Uwar Gayya, ja su hagu mana, ba ki ga kifin ya yi can ba?" sai na ji an ce daga kan duwatsun da ke wajen katanga:

"Da wa kike faɗa, ya binti?"

Saura kaɗan in faɗa ruwa. Wani dattijo ne baƙi, siriri, da farin gemu, yana zaune da fatsarsa. Sunansa Bukari. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife shi, kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano ya zo hajji bai koma ba. Da aka rushe unguwar ya koma wajen ɗansa a nan arewa, yana zuwa kamun kifi don kada zaman ɗaki ya kashe shi. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, rabi kuma Larabci. Na durƙusa na gaishe shi, hawaye na zubo min don daɗin jin yarenmu.

"Ayu nake kallo, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ayu? Kakata tana ba mu labarin ayu, ta ce ciyawa yake ci kamar jaki. Kin ga ciyawa a nan? Hada mu ayu, ya binti. Wannan Abu Salama ne."

"Baba, kada ka ɓata min lissafi."

"Wallahi Abu Salama ne. Mu mutanen bahar, masu shiga teku, ba ma taɓa shi. In ya bi jirginka ka san lafiya za ka koma wa iyalinka."

Na ji haushinsa ƙwarai, kamar shi ya canza musu halitta. Na shige ciki ko sallama ban yi masa ba. Washegari ya miƙo min wani abu ta saman katanga, madubin hangen nesa mai ido biyu, duk ya kwarzane. Darbil yake ce masa.

"Shufi, duba da kyau. Ki riƙe shi, ni idona ya riga ya gaji."

Jama'a, ashe duk kallon da nake yi a baya ban ga komai ba. Da na ɗora shi a idona sai ga su kamar in miƙa hannu. Ashe ba ta hanci suke huci ba, wani rami ne a tsakar kansu, ya buɗe ya rufe. Bakinsu dogo, kullum kamar suna murmushi. Kuma ashe hargitsin da nake gani aiki ne tsararre. In sun koro ƙananan kifi cikin lungun sai su rabu biyu. Wasu su tsare baki, wasu su yi ta zagaye suna matsewa, har kifin ya dunƙule wuri guda yana walƙiya kamar an zubar da cokula. Sai ɗaya ya kutsa tsakiya ya cafka ya fito, ya koma cikin masu zagaye, wani ya shiga. Ba turereniya, ba mai shiga sau biyu a jere. Na tuna rabon abinci a gidan biki a garinmu, na ji kunya a madadinmu gaba ɗaya. Fararen tsuntsaye kuma na sama suna ihu suna faɗowa kan rabonsu.

Da darbil ɗin na ga ɗan ƙaramin. Bai kai tsawon hannuna biyu ba, launinsa bai yi duhu ba tukuna, manne yake da gefen uwarsa. Ta taso ya taso, ta nutse ya nutse, amma shi bai iya lanƙwasa ba, sai ya fito da kai gaba ɗaya ya faɗa ɓalam. Na sa wa uwar Mai Jego. In layinta na cin kifi ya zo, wata ce take matsowa ta tsaya da ɗan har ta dawo, yadda maƙwabciya take riƙe miki goyo ki je niƙa. Wani lokaci in ga ya nutsa ƙarƙashin cikinta ya daɗe.

"Baba, me yake yi a can?"

"Nono yake sha."

"A cikin ruwa?"

"To a ina kike so ya sha, a Ammariyya?"

Ran Juma'a kuma, in 'ya'yan baƙi suka tayar da baburan ruwansu, ƙara ɗaya ta isa. Nan da nan su cure, ƙanana a tsakiya, manya a gefe, su nutse tare, ba za ki sake ganinsu ba sai can nesa a waje, sun taso a jere kamar sahun salla. Ba sa son ƙara ko kaɗan.

Na kira Hajiya na gaya mata gaskiya, ba ayu ba ne.

"Yana da kitse?" ta ce.

"Ina zan sani, yanka shi na yi?"

"Abin da ke zaune a ruwa yana shayarwa dole yana da kitse. Ladidi, wa zai buɗe kwalba a Kano ya tambayi man da ke ciki sunan ubansa?"

Ashe ta riga ta yi nisa. Ta sami wasu mutum biyu masu ƙaramin jirgi da raga. A fili ba za su taɓa ba, suna tsoron masu tsaron gaɓa, amma lungun nan katanga ta rufe shi. In dabbobin sun shiga za su ja raga su toshe bakin, ni kuma in buɗe ƙofa a jawo abin da aka kama ta matakala zuwa cikin gida.

"Ƙaramin ma ya isa," ta ce, "shi ya fi sauƙin ɗagawa."

Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Makon nan baƙin da suka zo sun bar banɗakuna yadda ba zan rubuta ba, ga zazzaɓi ya kama ni, ba mai miƙo min ko ruwa. Ina kwance ina hango kaina a shagon Ammariyya, ina auna turare, ana Hausa ta ko'ina. Da ta sake kira ta tambayi ranar da ruwa zai ciko da sassafe, na ce mata Litinin.

Litinin ɗin Baba Bukari bai zo ba. Hajiya ta iso da direba gari bai gama wayewa ba, ta ce wa mai gadi ita yayata ce. Ta riƙo wata babbar jaka mai zif, sabuwa, ba komai a ciki.

"Ta kayanki ce. Mutumina ya gama magana da kafilinki, sa hannu ya rage. Yalla, mu je."

Muka tsaya a bayan sandunan ƙofar. Can wajen bakin lungun na hango jirgin, injinsa a kashe, mutum biyu a tsugune. Baƙin dutsen ya nutse. Ba a jima ba sai ga su, Uwar Gayya a gaba, Samari na ta shirmensu a gefe, sun koro kifi. Na miƙa wa Hajiya darbil. Ta juya shi baibai, na gyara mata.

"Ikon Allah," ta ce. "Ji wancan, ji tsalle. Ladidi, ga ɗan nan, ga shi nan kusa da uwar. Kai, abin sha'awa."

Ta daɗe tana kallo, bakinta a buɗe. Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta gani. Sai ta sauke darbil ɗin, ta ɗaga waya ta ce wa na cikin jirgi su matso, ta dube ni.

"Buɗe."

Na buɗe. Na ɗauki bokitin ƙarfena da guntun bututun da nake tokare ƙofa da shi, na sauka matakala har ruwa ya kamo min gwiwa. Jirgin ya fara tahowa da sanda, sun fara sakin raga. Na haɗa bokitin da ƙarfen dogarawa da ya nutsa cikin ruwa, na shiga duka. Na doki bokiti, na doki ƙarfe, da duk ƙarfin da na yi shekaru ina daka da shi. Ƙarar har cikin haƙorana.

"Ke, haukacewa kika yi?" Hajiya ta ƙwalla daga sama.

Ban ko waiga ba. Kifin da suka tara ya watse. Na ga sun cure, Mai Jego da ɗanta a tsakiya, manya sun rufe su ta ko'ina, suka nutse gaba ɗaya. Ruwa ya yi shiru. Ragar ta kusa rabin bakin, mutanen na ta sauri suna zagina da wani yare. Ina duka ina cewa ya Allah, ya Allah, idona a kan ɗan wurin da ya rage. Sai can bayan jirgin, a fili, suka taso tare, a jere, ɗan ƙaramin ya fito da kansa ya faɗa ɓalam. Ɗaya daga cikin Samarin har da tsalle.

Na yar da bokiti na rangaɗa guɗa. Tun bikin 'yata ban yi irinta ba. Mai gadi ya sheƙo a guje da sanda yana zaton wani ne ya mutu.

Da na hawo, zanina na ɗiga, Hajiya na tsaye tana huci.

"Kin san abin da kika yi wa kanki? Ni na ciyar da ke lokacin da ba ki san kowa ba."

"Kin ciyar da ni, Hajiya, ban manta ba. Amma da ƙarya aka kawo ni ƙasar nan, ba zan fita da ƙarya a kwalba ba. Kuma ɗan nan nono yake sha."

"Kifi ne fa, Ladidi."

"Da kifi ne da ba ki zo ba."

"To ki zauna da su. A gidan nan za ki ruɓe."

"Na ji. Ki gaida mutanen Ammariyya."

Ta dangwarar da darbil a kan katanga ta juya. Kafin motarsu ta kai titi ta toshe lambata.

Abu Salama sun daɗe ba su sake shiga lungun ba. Daga nesa nake hango su suna wucewa, sai na hau kan bokiti na ɗora darbil. Baba Bukari da ya ji labari bai ce min na kyauta ba, bai ce ban kyauta ba. Kifi biyu ya miƙo min ta saman katanga, ya ce in soya da yaji irin na mutanenmu in sam masa.

Maganar naƙali ta mutu daga ranar. Jakar da Hajiya ta kawo don in zuba kayana ta manta da ita a bakin ƙofa. Jaka ce mai kyau, mai ƙwari. Da ita na riƙa kwashe gwangwanayen baƙi duk Asabar har kwantiragina ya ƙare.